Cakulan ɗin Bwari

Na zo Abuja ne a shekarun da garin yake ta tashi sama ba ji ba gani. Mulkin farar hula bai daɗe da dawowa ba, kuɗin mai sun shigo, duk inda ka waiga gini ne ake ɗorawa kan gini. An yi mini canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa hedikwatar ma'aikatarmu jim kaɗan bayan na fita takaba. 'Yata ɗaya ce, ita kuma tana jami'a a Zariya. Aka ba ni ɗakuna a saman wani bene a Garki, na jera kayan da muka tara ni da marigayi, suka cika gidan, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Wanda bai zauna Abuja shi kaɗai ba ba zai gane ba. Ranar Juma'a ana sakkowa daga masallaci garin yake fara zubewa. Abokan aiki su kama hanyar Kaduna da Kano da Jos, tituna su yi fayau. Sai in dafa ɗan abincin da bai rufe gindin tukunya ba, in ci a tsaye. Wani lokaci daga yammacin Juma'a har safiyar Litinin ba wanda zai yi mini sallama, in ban da maigadi.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wata tsohuwar Baturiya ce, gajera, gashinta fari sol. Maigadi ya ce mini mijinta injiniyan ban ruwa ne, yana aiki a wata gonar gwaji can wajen Sheda, sai jefi-jefi yake zuwa gida. Mun daɗe ba abin da ke haɗa mu sai ɗaga hannu a matakala.

A wani babban kanti a Wuse muka fara magana. Ina tsaye da tabarau a hanci ina karanta ƙananan rubutun da ke bayan wata ledar alewa, sai na ga ita ma tana gefena da nata tabarau, tana bin rubutun wani kwalin biskit da yatsa. Ta ɗago ta dube ni, ta ce da Turanci, "Ke ma alade kike nema?"

Dariya ta ƙwace mini har mai tura keken kaya ya juyo. Na manta rabona da dariya irin wannan. Na ce mata alade da giya nake nema, don in guje su. Ta ce ita alade ne da wasu abubuwa da yawa da in ta fara lissafa mini za a rufe kantin muna nan. Sai ta ce ita Bayahudiya ce.

A gidanmu in aka ce wa mutum Bayahude, to, ana nufin ba shi da tausayi. Ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba sai ranar. Ga ta nan kuwa, tsohuwa da jaka ta fi ƙarfinta, tana tambayata ko da mota na zo. Na rage mata hanya. Tun daga nan na fara kiranta Mama, ita kuma ta ɗauki Hajiya daga bakin maigadi. Muka riƙa shan shayi tare da yammacin Lahadi, wani mako a wurina, wani mako a wurinta.

Da zafi ya fara shigowa, wata Lahadi na same ta ta yi jugum, shayinta ya huce. Ta ce wata sallarsu ce ta matso, Purim suke ce mata. Suna tuna lokacin da aka ƙulla za a hallaka kakanninsu a wata ƙasa, Allah ya kuɓutar da su ta hannun wata sarauniya. A ranar kowa yakan aika wa abokai da maƙwabta abin ci, aƙalla iri biyu, wanda za a iya ci nan take. Mahaifiyarta takan sa wani biskit mai kusurwa uku da cakulan, ita ma haka ta saba yi.

Na ce, "To ai cakulan ya cika kantuna, Mama. Gobe in na taso ofis sai mu je."

Ta girgiza kai. Ta ce da can aikin mijinta ya taɓa kai su wata ƙasa a nan yammacin Afirka inda ake noman koko, ba kokon da muke sha da ƙosai ba, ɗan itacen da ake yin cakulan da shi. A bayan gidansu akwai hanyar gona. Kullum takan ga yara da adduna, wasu addar ta kai musu ƙugu, suna ɗauke da buhuna. Da ta tambaya aka ce mata ba 'ya'yan masu gonar ba ne, daga nesa aka kawo su, ba sa ma jin yaren garin. Tun daga lokacin ba ta sake sayen cakulan ba sai wanda ta san asalinsa. A ƙasarsu akwai mai wata alama da ke nuna an biya manomi haƙƙinsa kuma ba a sa yara bauta ba. Ɗanta ne yake aiko mata da shi duk shekara. Bana bai aiko ba.

"Ya manta ne?" na tambaya.

"Yana da aiki da yawa," ta ce, ta ɗauki kofin ta ajiye ba ta sha ba.

Ban ƙara tambaya ba. Na ce ta sa dabino mana, ai shi ma abin kyauta ne. Ta ce za ta iya. Sai dai sallar murnar an ceci 'ya'yan mutane ce, tana so ta yi ta yadda uwarta ta yi, kuma ba ta so ta yi ta da gumin 'ya'yan wasu.

Haka muka shiga yawon kantuna. In na taso ofis in ɗauke ta, mu bi Wuse, mu bi Garki, mu leƙa sababbin kantunan da ake buɗewa kusan kowane mako. Cakulan kuwa ga shi nan jibge, mai ruwan zinare, mai zanen tsaunuka da shanu. Mu biyu da tabarau muna juya kwalaye. Wani manajan kanti ya gaji da mu, ya zo ya ce, "Madam, wannan daga Turai ya zo, orijinal ne."

Mama ta ce, "Na ga inda aka naɗe shi. Ina aka tsinko shi?"

Ya dube ni kamar in fassara masa, alhali da Turanci ta yi maganar. Ni kaina kafin wannan ban taɓa tunanin cakulan yana da gona ba. A wurina tsarabar masu dawowa daga Landan ce.

Na kai maganar ofis. Wanda teburinsa ke kusa da nawa, Bakano ne mai digiri biyu, mutumin kirki, ya saurare ni har na gama, sannan ya rage murya ya ce, "Hajiya, me ya haɗa ki da Yahudawa? Ki dai riƙa lura." Na ce maƙwabciyata ce. Ya ce ai shi bai ce komai ba. Daga ranar na daina ambatonta a ofis, sai ya zama abu ɗaya da nake da shi na ba da labari ranar Litinin shi ma na haɗiye shi. Amma wata Bayarabiya da ke sashen kuɗi ta ji mu. Ta biyo ni har bakin mota ta ce akwai wata 'yar cocinsu a Bwari, tsohuwar malamar makaranta, tana yin cakulan a gida da kokon gonarsu ta Ondo. Ta yi mini kwatance.

Ranar Lahadi bayan azahar muka tafi. Motata tsohuwa ce, na'urar sanyinta ta daɗe da mutuwa, don haka na cika kula da ƙanƙara na sa a baya. Muka wuce Dutsen Alhaji, hanya ta fara hawa tsakanin duwatsu. Matan Gwari suna tafe a gefen titi da itace a kafaɗa. Mama ta sa kai a taga tana kallo. Ta ce tun da suka zo ba ta taɓa fita bayan gari ba, mijinta kullum cewa yake sai an sami lokaci.

Gidan yana bayan kasuwa. Tun daga zaure ƙamshi ya tare mu, ƙamshi mai nauyi da ɗan tsami-tsami. Matar ta fito da atamfar coci ba ta cire ba, doguwa, mai murya irin ta wadda ta saba da aji. Ta kai mu wani ɗaki a bayan gida inda take gasa 'ya'yan kokon, ta ɓare, ta niƙa a wani inji da ke kwana yana juyawa. Ba ta sa komai sai sukari. Ta ce yawanci ɗaliban makarantar lauyoyi ne ke saya, da masu biki.

Mama ta zauna a kan benci ta fara tambaya. Gonar wa ce? Ta gado ce, ƙanenta ke kula da ita. Su wa ke tsinka? Su wa ke fasawa? Su wa ke ɗauka zuwa inda ake shanya? Ina suke kwana? Matar tana amsawa da Turanci, can ta juyo gare ni ta ce da Hausarta ta Abuja, "Hajiya, wannan mama naka ɗan sanda ne?"

Na ce, "A'a, Madam, sallarsu ce ta zo." Na yi mata bayani a taƙaice. Sai ta daina murmushi, ta jawo kujera ta zauna daidai gaban Mama.

Ta ce 'ya'yan ƙanenta suna zuwa gona in an yi hutu, suna fasa koko, kuma dukansu suna makaranta. Ita ma haka ta taso, ta nuna mana wani tsohon tabo a babban yatsanta. Lokacin girbi kuma ana ɗaukar 'yan ƙwadago, magidanta ne, wasu shekara da shekaru su ne dai ke zuwa. Girbin da ya wuce tana can, ba ta ga yaro a cikinsu ba. "Amma ni a Bwari nake zaune," ta ce. "Ba kullum nake gonar ba. In kina so in rantse miki cewa ƙaramin yaro bai taɓa ɗaukar buhu a can ba, ba zan rantse ba. Abin da na gani na faɗa miki."

Na ɗauka tashi za mu yi. Ana jin injin yana ta juyawa. Can ta tambaya ko matar za ta sake faɗa wa ƙanen nata maganar in ta je gida. Ta ce za ta faɗa, kuma yana tsoronta. Mama ta ce, "To, ba ni."

A kasuwar Bwari muka sayi ƙananan kwanduna na saƙa, sannan muka kamo hanya. Wata tirela ta faɗi kafin Dutsen Alhaji, motoci suka yi cirko-cirko cikin rana. Ƙanƙarar ta narke. Da muka iso gida kuma an ɗauke wuta, janaretan gidan ya ƙi tashi. Muka buɗe kula, cakulan ya yi laushi ya lanƙwashe, wani ma ya tsiyayo ta gefen takarda. Mama ta tsaya tana kallonsa, hannuwanta a sake. Na ji tsoron kuka za ta yi.

Na ce, "Mama, ai narkakke ne kafin ya daskare. Mu sake narka shi."

Washegari da aka kawo wuta muka ɗora kwano a kan ruwan zafi muka narka shi duka, muka zuba a cikin farantan yin ƙanƙara, nawa da nata, muka sa a firij. Ya fito 'yan dunƙule-dunƙule, ba ƙyalli, wasu da farin dabbare a jiki. Muka naɗe kowanne da takarda mai sheƙi. Kwanakin nan kullum in na taso aiki wurinta nake wucewa, ko mayafi ban ajiye ba. Ita tana murza ƙullun biskit ɗinta, ni ina naɗi. Tana ba ni labarin kicin ɗin uwarta, ina ba ta labarin yadda muke tuyar dubulan ana gobe salla a Kaduna. In aka kira magariba in tsallaka in yi salla in dawo. Tun rasuwar maigidana ban yi mako mai sauri kamar wannan ba.

Da safiyar sallar mijinta ya bugo waya ya ce injin ban ruwa ya lalace, ba zai samu zuwa ba. 'Yan uwansu Yahudawa kaɗan da ke Abuja sukan taru a wani gida a Maitama, da mijin ne zai kai ta. Na roƙi ogana rabin yini, na ce uzuri ne na gida. Muka jera kwandunan a kujerar baya, wannan karon da ƙanƙara mai yawa. Ta sa wata riga shuɗiya da ban taɓa gani ba, har da ɗan jan baki.

Na ajiye ta a bakin get, maigadin gidan ya taya ta shiga da kaya. Ni na koma ƙarƙashin wata bishiya na zauna a mota. Ina jiyo hayaniyar yara daga ciki, ana kaɗa wani abu mai ƙara, ana dariya. Na ɗauka za ta daɗe, har na fito da takardun ofis ina dubawa.

Ba ta daɗe ba. Na hango ta tana tahowa, maigadin yana biye da ita da kwandunan, kusan yadda suka shiga. A hannunta kuma ga wani kwando babba da suka ba ta, an lulluɓe shi da leda mai ƙyalli, cike da irin cakulan ɗin da muka yi ta juyawa a kantuna. Ta shiga ta zauna, ta ɗora shi a cinya.

Sai da muka hau babban titi ta yi magana. Ta ce sun karɓe ta da kyau, sun yaba kwandunan. Amma yawancinsu matasa ne masu riƙo da addini sosai, kuma abincin da ba na gidansu ba sai in yana da hatimin malamansu suke ci. Namu ba shi da hatimin kowa. Wata ta tambaye ta a wace irin tukunya aka gasa kokon, ita kuwa ba ta sani ba. Wani tsoho ne kaɗai ya karɓa, da wata likita.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Duk wahalar nan? Ba ki gaya musu daga inda ya fito ba?"

"Na fara gaya musu," ta ce. "Ana ta surutu, yara suna gudu. Kada ki ga laifinsu, Hajiya. Dokar tamu ce, na san ta tun ina yarinya. Na tambayi matar nan ta Bwari komai, wannan ne kawai ban tambaya ba."

Ta dubi kwandon da ke cinyarta ta ce ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ba za ta ci ba, ba za ta zubar da kyautar salla ba, ba kuma za ta ba wani abin da ita ta ƙi ba. Haka muka iso Garki da shi a cinyarta.

A gida ta wanke fuska, ta sauko da kwandunan ƙasa. Ta ba maigadi, ta ba matar da ke share matakala, ta ba mai gyaran janareta da ya zo a daidai lokacin, ta tsallaka titi ta ba mai sayar da ayaba. Kowa ta ce masa yau sallarsu ce, su kuma suka ce mata barka da salla, maigadi har da addu'ar Allah ya maimaita mana. Da ya rage saura ɗaya ta ce mini, "Shiga gidanki ki rufe ƙofa."

Na ce, "Me ya faru?"

"Ki dai shiga."

Na shiga na rufe. Jim kaɗan na ji ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga ta tsaye da rigarta shuɗiya, ta miƙo mini kwandon da hannu biyu, ta faɗi wasu kalmomi da yarensu. Ni ce na naɗe abin da ke ciki da hannuna. Na karɓa na yi godiya, ta juya ta shiga nata gidan. Na tsaya a falo ina tunani, sai na tuna ta ce iri biyu. Ina da alkakin da 'yata ta kawo mini daga Zariya, ina da dabino. Na zuba a faranti na rufe da ƙyalle, na je na ƙwanƙwasa mata.

A barandarta muka zauna muka ci. Na sa cakulan ɗin a baki, ɗaci ya cika mini harshe. Ta tsare ni da ido tana jira.

Na ce, "Mama, gaskiya wannan magani ne."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce alkakina kuma zai kashe ta da zaƙi. Duk da haka ta cinye ɗaya, ni ma na ƙara wani dunƙulen. Muna nan zaune har rana ta yi sanyi, ba wayar da ta shigo mata.

Da damina ta kankama mijinta ya faɗi a wurin aiki. Likitoci suka ce zuciya ce, gara a mai da shi gida. Cikin 'yan kwanaki aka kwashe kayansu. Kamfaninsa ya turo mota ta kai su filin jirgi ranar da nake da taro a ofis, don haka a matakala muka yi sallama da safe, ina riƙe da jaka da makullin mota. Ta kama hannuna ta ce ba ta iya ban kwana ba. Na ce ni ma haka. Wasu ma'aikatan banki ne suka kama gidan bayansu, samari, ba sa wuni a gida.

Sau ɗaya ta kira ni, bayan watanni. Ina tsakar cin abincin rana a ofis wayata ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryarta tana zuwa tana ɗaukewa. Ta ce mijin ya rasu, tana wurin ɗanta yanzu, an ba ta ɗaki a ƙasan gidan, garin akwai sanyi. Na fita baranda don kada a ji ni. Na nemi abin da ake faɗa da Turanci na rasa, sai na ce mata da Hausa, "Allah ya ba ki haƙuri, Mama."

Ta ce in sake faɗa a hankali. Na sake. Ta maimaita, ta karya kalmomin, sannan ta tambaye ni ma'anarsu. Ina cikin yi mata bayani layin ya yanke. Na bi lambar a ranar da washegari, ba ta shiga ba. Na koma teburina, abokin aikina ya ɗago ya ce lafiya dai, Hajiya? Na ce masa rasuwa aka yi mana. Ya ajiye cokali ya yi mini ta'aziyya, bai tambayi ko wane ne ba.